Babur a Domayo: Baƙin Mai, Hular Kwano da Hannun da Ke Kan Birki

Babur ne ƙafar jama'a a Domayo. Wannan unguwa ta birnin Marwa, hedikwatar yankin Arewa Mai Nisa a ƙasar Kamaru, tana gaɓar Mayo Kaliyawo, sunanta ma daga Fulatanci ya fito, ma'anarsa bakin kogi. Ɗan kasuwar da zai tsallaka gada da sassafe, da ɗalibin jami'ar da aka kafa a 2008, da matar da naƙuda ta kama da tsakar dare, duk abu ɗaya ke ɗaukarsu: babur ɗin haya, wanda mutanen arewacin Kamaru ke kira kilando, mutanen Duwala su ce bensikin, Kanawa su ce acaɓa, mutanen Maraɗi kuma kabu-kabu. Haka abin yake a Garwa, mai nisan kilomita 200 da 'yan kai ta kudu, tun daga unguwar Yelwa har Rumde Ajiya, haka kuma a Ngaundere da Mokolo da Kuseri.

Sunan kilando daga Faransanci aka gutsuro shi, daga kalmar da ke nufin abin da ake yi a ɓoye, domin sana'ar ta fara ne ba da izinin hukuma ba. Ta yi ƙarfi a shekarun matsin tattalin arziki, daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa karya darajar sefa da rabi a watan Janairun 1994, lokacin da aikin albashi ya yi wuya, matasa suka hau baburan Japan da ake shigowa da su ta Najeriya. Daga wajajen 2000 baburan Sin masu araha suka cika kasuwa, daga baya na Indiya irin TVS da Bajaj suka biyo. Babur ya shiga hannun kowa cikin 'yan shekaru, amma ilimin kula da shi da na tuƙa shi bai yaɗu da wannan saurin ba. A wannan giɓin ake asarar dukiya, a nan kuma ake asarar rai.

Tushen matsalar ɗabi'a ce guda: ba a kai babur wurin bakanike sai ya tsaya. Ɗabi'ar tana da dalili. Da yawa daga cikin masu tuƙin ba su ne masu baburan ba. Wani mai hali ne ya saya ya ba su, suna kawo masa balas kullum, ko kuma suna biya kaɗan-kaɗan har babur ɗin ya zama nasu. Wanda zai cire kuɗin balas, da na fetur, da na cefane daga aikin yini ɗaya, yana ganin kuɗin juyen mai a matsayin abin da za a iya ɗagawa zuwa gobe. Mai babur ɗin kuma yana kallon abin da ake miƙo masa da yamma, bai san halin da injin yake ciki ba. Kowa na jiran ɗan'uwansa, injin yana cin kansa. Da tun ranar miƙa makulli za a yanke a gaban shaidu wane ne zai riƙa sayen baƙin mai, wane ne zai sayi taya, kuma duk bayan kwana nawa, da rabin rigimar da ake yi a bakin gareji ba ta taso ba.

Baƙin mai ne farkon abin dubawa, kuma shi aka fi zalunta. Baburan da ke yawo a Marwa da Garwa ƙanana ne, ƙarfin injinsu daga sisi 100 zuwa 150, ba su da tukunyar ruwa, iska ce ke sanyaya su. Man da ke cikinsu bai wuce kimanin lita 1 ba, kuma wannan litar ita ke shafe fistin, ita ke shafe giya, a cikinta faifan kuloci ke wanka, ita ce kuma ke ɗebe wani kaso na zafin injin. A watannin Maris da Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a inuwa, babur ɗin da ke tafiyar hawainiya a cunkoson kasuwa da mutum biyu a baya ba ya samun iskar da za ta huce shi. Mai ya tsinke, ya zama kamar ruwa, ƙarfe ya fara cin ƙarfe. Littafin da kamfani ke haɗowa da babur yana faɗin kilomitan da za a yi kafin juye, amma an yi lissafin ne da tafiya ta sassauci. Ga babur ɗin haya a wannan yanayi, juye a tsakanin kilomita 1,000 da 1,500 shi ne hankali. Wanda ke cin kilomita 100 a rana zai cika wannan cikin kwana 10 zuwa 15. Tun da wayar agogon kilomita ta yawancin baburan ta daɗe da tsinkewa, ƙirga da kwanaki ya fi sauƙi: Juma'a ɗaya a tsallake, ta biyu a juye. Sabon babur kuwa, juyensa na farko ba ya wuce kilomita 500 ko kusa da haka, domin a fitar da ɓurɓushin ƙarfen da sabon inji ke zubarwa.

Irin man ma abin lura ne. Mai kauri irin 20W-50 ya dace da wannan zafi, kuma ya kasance na babur, wanda aka rubuta JASO MA a jikin robarsa. Wasu mayukan mota na zamani suna ɗauke da sinadarin ƙara santsi da ke sa kuloci ya riƙa zamewa, a murɗa wuta injin ya yi kuka amma babur bai ja ba. Man da ake aunawa daga ganga ko buɗaɗɗiyar jarka babu mai iya rantsuwa a kan asalinsa, wani ma tsohon mai ne aka tace aka sake sayarwa. Araha ba ta ado. Abin da aka rage a kan lita ɗaya ba ya kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin sauke inji a sa sabon fistin da ringi.

Akwai tarihi a bayan juriyar waɗannan injina, kuma saninsa yana da amfani. A 1974 injiniyoyin Honda suka zaga wasu ƙasashen Asiya, suka ga yadda ake lafta wa babur mutane da kaya, ake barin mai har ya daskare, ba a zuwa wurin gyara sai an ga ya mutu. Sai suka ƙera CG125, wanda ya fito a 1975, da inji mai sauƙin sha'ani da ke iya jure sakaci. Da yawa daga cikin baburan Sin da suka mamaye Afirka kwaikwayon wannan injin ne. Juriyar da aka gina a cikinsa ita ce ta ruɗi mutane, har suka ɗauka babur ba ya bukatar komai sai fetur. Yana jurewa na wani lokaci, amma tsawon ransa ake yankewa.

Bayan mai sai iska. Daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu na sauko da ƙura mai laushi kamar gari, a sauran watannin rani kuma yashin unguwanni da na busassun mayo da ake ratsawa don yanke hanya ba ya ƙarewa. Duk iskar da injin zai shaƙa sai ta bi ta matatar iska, wani soso ko takarda da ke cikin akwati a ƙarƙashin kujera ko a gefe. In ta toshe, babur ya riƙa shan fetur fiye da ƙima, ya yi nauyi, fulogi ya yi baƙi. A nan wasu ke yin kuskure mafi tsada, su cire sosan gaba ɗaya, su ji babur ya saki jiki, su yi murna. Ƙurar da ke shiga daga wannan ranar tana gauraya da mai, ta zama kamar dutsen wasa wuƙa a jikin silinda, bayan 'yan watanni salansa ta fara fitar da shuɗin hayaƙi. Matata ta soso ana wanke ta da kananzir, a matse ba tare da murɗewa ba, a bari ta bushe, a ɗiga mata ɗan mai a sake matsewa. Ta takarda ba a wanke ta, ba a sa mata mai, kakkaɓewa ake yi, in ta gaji a sauya. A lokacin hunturu wannan aikin mako-mako ne.

Fetur a arewacin Kamaru labari ne mai zaman kansa. Shekara da shekaru yankin yana rayuwa a kan zuwa-zuwa, man da ake tsallakowa da shi daga Najeriya ta wajajen Mubi da Banki da kogin Binuwai, ana sayar da shi a kwalabe da jarkoki a bakin titi, a farashin da kafin 2023 yake ƙasa da na gidan mai nesa ba kusa ba. Da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, farashin ya yi tsalle a Garwa da Marwa cikin 'yan kwanaki. A gidajen man Kamaru kuma litar fetur ta tashi daga sefa 630 zuwa 730 a Fabrairun 2023, sannan zuwa 840 a Fabrairun 2024. Ba adalci ba ne a zargi ɗan kilando don ya sayi man kwalba, tun da a ƙauyuka da yawa babu wani man sai shi. Amma man da ya wuni a rana yana rasa ɓangarensa mai saurin kamawa, wanda ya kwana a jarka yana tara ruwa da laka, wani lokaci ma ana haɗa shi da kananzir. Kariyar ba ta da tsada: a tace da tsabtataccen ƙyalle lokacin zubawa, a sa 'yar matatar fetur a jikin tiyon da ke zuwa kafireta, a riƙa kwance ƙusar ƙasan kafiretan lokaci-lokaci ruwan da ya kwanta ya zube. Tsadar man ta kuma ƙara wa kula da inji daraja, domin toshasshiyar matata da taya mara iska da busasshiyar sarƙa duk fetur suke sha, a kullum, ba tare da an gani ba.

Sarƙa tana son sassauci kaɗan, kimanin santimita 2 zuwa 3 in an ɗaga ta da yatsa a tsakiya. In ta yi tsauri tana cin faifan haƙori da boris, in ta yi sako-sako tana iya zamewa ta maƙale tayar baya ana cikin gudu. Murfin da kamfani ya rufe ta da shi, wanda samari ke cirewa don ado ko don ya daina ƙara, shi ne ke hana yashi haɗuwa da mai ya niƙe ta. In ta mutu ana sauya ta tare da faifan haƙori na gaba da na baya, domin tsohon haƙori yana kashe sabuwar sarƙa da wuri. Ɗan makullin da ke haɗa bakinta kuma rufaffen gefensa ne ke fuskantar inda sarƙar ke tafiya.

Taya biyu ne kawai tsakanin mutum da ƙasa, kuma inda kowace ke taɓa kwalta bai fi tafin hannu ba. Mai faci yakan gwada iska da babban yatsa ko ya ƙwanƙwasa ya saurara, alhali abin awon iska ba shi da tsada. Ga irin waɗannan babura, ta gaba tana son kimanin 25, ta baya 28 zuwa 32 gwargwadon kaya, a ma'aunin PSI, kuma da safe ake aunawa kafin taya ta ɗau zafi. Cika iska fiye da ƙima don a ɗauki buhunan albasa ko na masakwa yana rage riƙon ƙasa. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta, misali 1522 na nufin mako na 15 a 2022. Tayar da ta daɗe a shago cikin zafi tana tsattsagewa ko da zanenta bai goge ba.

Birki da fitila su ne inda sakaci ke komawa jini. Birkin waɗannan babura yawanci na ganga ne, yana da wata 'yar kibiya a jikin hannunsa da ke nuna takalmin birkin ya ƙare. Ƙara ɗaure goro bayan kibiyar ta kai alama yaudarar kai ce. Fitilar baya kuwa ƙwanta bai kai kuɗin kwanon abinci ba, amma baburan da ke yawo da dare babu ita ba su ƙirguwa, a titunan da wuta ke yawan ɗaukewa, inda direban babbar mota ba ya ganin mutum sai ya zo kansa. Madubi ma haka, ana kwance shi tun ranar da aka fito da babur daga kwali, wai yana hana kutsawa cikin cunkoso. Mai tuƙi babu madubi dole ya juya wuya ya duba baya, a daidai wannan daƙiƙar kuma gabansa babu mai kallo.

Maganar kayan kariya daga kai take farawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.19 ne suka mutu a haɗuran hanya a 2021, kuma Afirka ce ke da kaso mafi muni idan aka auna da yawan jama'a. Ga mai babur, raunin kai ne babban mai kisa. Binciken da hukumar ta daɗe tana dogaro da shi ya nuna hular kwano ta gaskiya tana rage haɗarin mutuwa da kimanin kashi 40 cikin 100, na mummunan raunin kai kuma da kimanin kashi 70. Sirrin yana cikin farin soso mai tauri da ke ƙarƙashin ɓawon. Shi ke murƙushewa ya shanye bugun, ƙwaƙwalwa ta tsira daga girgizar da ke kashewa. Hular da babu wannan sosan, kamar ta magina ko ta roba mai sheƙi da ake sayarwa a bakin hanya, kare mutum daga ɗan sanda kawai take yi. Ta ƙwarai tana ɗauke da shaidar gwaji, ko dai harafin E cikin da'ira a jikin igiyarta, wato ƙa'ida ta 22 ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ko tambarin ISI na Indiya, ko DOT na Amurka, ko da yake ana buga na jabu, don haka sai an haɗa da duba kaurin sosan da ƙarfin igiyar. Igiyar kuma a ɗaure ta a ƙarƙashin haɓa, yatsa biyu kawai su iya shiga. Hular da ba a ɗaure ba tana riga mai ita isa ƙasa.

Uzurin da ake kawowa shi ne zafi, kuma uzuri ne na gaskiya, wanda bai taɓa tsayawa a rana a Garwa cikin Afrilu ba ne kawai zai raina shi. Sai dai maganinsa zaɓen hula ne mai haske, fara ko ruwan toka, mai ƙofofin iska, mai buɗaɗɗiyar fuska da gilashi, wadda ta rufe kunne da ƙeya. Mai rufe haɓa ta fi kariya, musamman ga mai hawa babbar hanya, amma wadda za a iya sawa yini guda ta fi wadda za a rataye a hannun babur. Fasinja kuma yana ƙyamar sa abin da kan wani ya yi gumi a ciki. Wannan ma ba a yi masa dariya, ana magance shi da 'yar hular yadi ko ɗankwali a ciki, da wanke rufin cikin a kai a kai. A Kigali ta Ruwanda kowane ɗan acaɓa yana yawo da hula biyu, fasinja kuma yana karɓa ya sa ba gardama, saboda an dage har abin ya zama al'ada. A Najeriya kuwa, da aka tilasta dokar hular ranar 1 ga Janairun 2009 ba tare da an tanadi huluna masu araha ba, sai aka ga wasu 'yan acaɓa a Kano sun kifa ƙwarya a ka.

Ƙafa da hannu su ke fara taɓa ƙasa. Silifas yana fita tun kafin mutum ya faɗi, kwalta ta ci yatsu da idon sawu, alhali takalmi rufaffe, ko na gwanjo ne, yana hana yawancin wannan. Safar hannu da wando mai kauri da riga mai dogon hannu su ne bambancin ƙujewa da rauni mai kai mutum asibiti. Tabarau yana tare ƙura da ƙwarin damina. Akwai kuma haɗarin da ya keɓanta da suturar yankin: bakin babbar riga, ko jallabiya, ko mayafi da dogon hijabi, in ya sauka ya shiga wayoyin tayar baya ko sarƙa, yana fizgo mutum ƙasa ta wuya cikin ƙiftawar ido. A Indiya doka ta wajabta wata raga a gefen tayar baya saboda sari na mata, kuma wannan ragar ta dace da Marwa kamar don ita aka yi ta. Maƙeri na iya ƙera ta. Hakkin mai tuƙi ne kafin ya ja ya ce, "Hajiya, a tattare mayafi," ya kuma nuna wa yaro inda salansa take don kada ta ƙone masa ƙwauri.

Koyon tuƙi shi ne ɓangaren da aka fi rainawa. Yawancin masu hawa sun koya ne da yamma ɗaya a filin ƙwallo, wani yaya ko aboki ya nuna musu giya da kuloci, washegari suka shiga titi, jibi suka ɗauki fasinja. Abin da aka koya a filin shi ne tayar da babur, tsayar da shi kuwa ba a koya ba. Shi ya sa tsoron birkin gaba ya zama gado, ana cewa yana kifar da mutum, har wasu na sassauta shi da gangan. Gaskiyar ita ce lokacin tsayawa nauyi gaba yake komawa, kuma a kan busasshiyar kwalta birkin gaba ne ke yin kusan kashi 70 na aikin. Wanda ya dogara da na baya kaɗai tayarsa za ta kulle ta ja shi gefe, nisan tsayawarsa ya ƙaru sosai. Abin da ke kayarwa shi ne damƙe birkin gaba farat ɗaya, ko kama shi a cikin kwana ko a kan yashi. Daidai shi ne a matsa shi sannu, a ƙara ƙarfi yayin da gaban ke nutsewa, ana taka na baya tare. Wannan ba ya zama a jiki sai an maimaita shi sau da yawa a fili, har hannu ya riƙa yi da kansa ranar da yaro ya faɗo titi.

Lissafin gudu ma ya kamata kowa ya san shi. Mai tafiyar kilomita 40 a awa yana cin mita 11 a daƙiƙa ɗaya, mai 60 kusan mita 17, kuma kusan daƙiƙa guda ke wucewa tsakanin gani da kama birki. Bayan an kama, nisan da mai 60 zai ja ya ninka na mai 40 fiye da sau biyu. Ƙarin fasinja da kaya yana ƙara wannan nisan, ga shi nauyin baya yana ɗage gaba, kan babur ya riƙa rawa.

Kowace ƙasa da irin tuƙinta. A cikin yashi ana sauko da giya, a riƙe wuta daidai, a sassauta hannu, a kalli nesa, a bar birkin gaba. Ruwan farko na damina, wajajen Mayu da Yuni, yana taso da man da ya kwanta a kwalta duk rani, titi ya yi santsi kamar an shafa sabulu. Mayo da ya bushe wata takwas yana iya cika cikin sa'a guda saboda ruwan da aka yi a duwatsun Mandara, kuma ruwa mai gudu da ya kai gwiwa ya isa ya tafi da babur da mai shi. A babbar hanya ta ɗaya, wadda ta bi ta Ngaundere da Garwa da Figil da Marwa da Mora har Kuseri, abokan tafiyar su ne motocin audugar kamfanin SODECOTON, da na siminti, da tirelolin da ke kai kaya Njamena. Direban tirela ba ya ganin abin da ke dab da gefensa na dama ko ƙarƙashin hancinsa, kuma in zai yi kwana bayan motar yana yanko ciki. Ƙa'idar ita ce wanda ba ya hango fuskar direba a madubin motar, direban ma ba ya ganinsa. Ga shanu da awaki da jakuna, waɗanda in ɗaya ya tsallaka na biyu na tafe.

Jikin mai tuƙi ma wani ɓangare ne na babur. Sa'o'i 12 a rana, ga ƙishirwa, ga rashin barci, suna rage kaifin ido da saurin hannu. Nan ne tiramol ya samu ƙofa, ƙwayar kashe ciwo da ake sha don a daina jin gajiya. Yaɗuwarta a yankin ta kai inda a 2014 masu bincike daga Jamus suka nuna cewa tiramol ɗin da aka tarar a saiwar tafashiya a arewacin Kamaru daga fitsarin mutane da na shanun noma da ake ɗura wa ƙwayar ya shiga ƙasa. Ƙwayar tana ɓoye gajiya ne, ba ta cire ta, tana sa ganganci, kuma in ta yi yawa tana kawo farfaɗiya. Farfaɗiya a kan babur da fasinja a baya ba ta bukatar bayani.

Doka dai akwai ta. Dokar Firaminista ta 31 ga Disambar 2008, wadda aka yi wa gyara a 2013, ta shardanta wa ɗan kilando shekara 18, da lasisin rukunin A, da inshora, da lamba, da riga mai shaida, da hular kwano tasa da ta fasinja, da ɗaukar mutum ɗaya. Tsayuwar minti biyar a kowace mahaɗa a Domayo ta isa ta nuna nisan takarda da titi. Hukumomi a wannan yanki sun fi tunawa da babur idan tsaro ya taɓu. Maiduguri ta hana shi a 2011, Kano ta hana acaɓa a Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero, Arewa Mai Nisa kuma ta taƙaita zirga-zirgarsa a shekarun da rikicin Boko Haram ya yi tsanani, musamman bayan hare-haren Marwa na Yulin 2015. Waɗannan matakai sun nuna hukuma na iya sa dubban masu babur su bi umarni cikin kwana ɗaya in ta ga dama. Mutanen da ke mutuwa ɗaya-ɗaya a kan kwalta sun cancanci irin wannan himmar.

Kame da tara kaɗai ba za su koyar da kowa kama birki ba. Makarantar tuƙi tana da tsada ga mai neman na yau, darasinta da Faransanci ne, hankalinta kuma na kan mota. Horon da zai yi aiki shi ne wanda zai je inda masu baburan suke, a tashoshinsu da gindin bishiyoyin dogon yaro inda bakanike ke shimfiɗa kayan aikinsa, da Fulatanci da Hausa da sauran harsunan da ake ciniki da su. Domayo ce mazaunin ƙaramar hukumar Marwa ta Ɗaya, kuma ƙananan hukumomi ne ke hulɗa da 'yan kilando kai tsaye. Suna iya haɗa kai da ƙungiyoyinsu a ware fili da safiya biyu ko uku, a jera tsofaffin tayoyi, a gwada tsayawar gaggawa da kauce wa cikas da tafiya a yashi, kuma kada a miƙa wa sabon shiga riga sai ya wuce wannan. Bakanike ma a sa shi ciki, domin shi ne malamin da kowane mai babur ke saurara. In shi ya ce a mayar da sosan iska, a bar madubi, a gyara birkin gaba, za a ji fiye da yadda za a ji jami'i. Ƙungiya kuma tana iya sayo huluna masu inganci da yawa a farashin sari, 'ya'yanta su biya kamar adashi.

Saura abin da ake yi bayan an faɗi, domin 'yan kilando ne ke fara isa wurin kowane haɗari. Taron jama'a yakan ɗaga wanda ya ji rauni a zaunar da shi, a fizge hularsa, a ɗura masa ruwa, a ɗora shi a kan wani babur tsakanin mutum biyu. In wuya ko gadon baya ya taɓu, wannan ɗaukin na iya shanye masa jiki har abada. Abin yi shi ne a tare hanya don kada wata mota ta ƙara, a kashe injin saboda fetur, a riƙe kan mutumin daidai da jikinsa, a bar hular sai in tana hana shi numfashi, a danne inda jini ke zuba da ƙyalle mai tsabta, kada a ba shi abin sha, a ɗauke shi a miƙe a kan katako ko ƙofa zuwa mota. Wanda ya bugu a ka ya tashi yana cewa lafiyarsa ƙalau, sannan ya fara amai ko barci ko ruɗewa, asibiti za a kai shi nan take, domin jini na iya taruwa a cikin ƙoƙon kai a hankali. Karayar da ƙashi ya huda fata ta asibiti ce kafin a yi zancen maɗori, saboda ɗaure irin wannan rauni da karare yana rufe ƙwayoyin cuta a ciki har ƙafa ta ruɓe. Hular da ta sha bugu ta gama aikinta ko da ba a ga tsaga a bayanta ba, sai a nemi wata. Babur ɗin kuma kafin ya koma titi a duba ƙahonsa da sandunan gaba ko sun karkace, a juya tayoyi a ga ko gammon ya lanƙwashe, a gwada birki biyun a tsaye da kuma a tafe.